Uwargida, Ina Rabonki A Arzikin Ƙasar Nan?

Na san kin saba a wannan fili mu tattauna tarbiyyar yara, ko zama da abokiyar zama, ko yadda ake riƙon maigida. Yau ina roƙon ki yi haƙuri da ni, domin zan ja ki zuwa wani zance da mata da yawa ke cewa ba namu ba ne, wato maganar arzikin ƙasa da yadda ake raba shi. Da zarar an fara shi a rediyo sai ki ji an ce, "Ai wannan ta maza ce," a murɗa zuwa wata tasha. Alhali kuwa duk abin da aka ƙulla a Abuja, a tukunyarki yake ƙarewa. Ke ake miƙa wa kuɗin cefane, ke ce kuma kike fara sanin ranar da suka daina isa.

A shekarar 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan talauci. Ta ce mutum 40 cikin kowane 100 na 'yan Nijeriya ba sa iya kashe Naira 137,430 a shekara guda. A Legas ba su kai mutum 5 cikin 100 ba. A jiharmu ta Sakkwato kuwa sun kusa 88, mu ne kan gaba a duk ƙasa. A watan Nuwamban 2022 hukumar ta sake wani awon na daban, wanda bai tsaya ga kuɗin aljihu ba, ya haɗa da makaranta, asibiti, ruwan sha, makewayi, da abin da ake girki da shi. Nan aka sami mutum miliyan 133 cikin talauci a Nijeriya, Sakkwato kuma ta sake zuwa ta ɗaya da kashi 91 cikin 100.

Na tuna yadda ran mutane ya ɓaci da aka karanta wannan labari. Kishin gida ya sa wasu suka ce sharri ne, ana son a ci mutuncin birnin Shehu. Ni ma Basakkwatiya ce, na ji zafin abin har cikin raina. To amma 'yar'uwa, ko an rage goma, ko an rage ashirin, abin da ya saura ya isa ya hana mai imani barci. Kuma ba sai an kawo mana takarda daga Abuja ba. Ki je ɗaurin aure ko walima a ɗaya daga manyan ɗakunan taron garin nan. Ciki mata ne an sha leshi da gwal, ana zubar da abinci a kwandon shara. Ki fito bakin ƙofa, za ki tarar da matan da rashin tsaro ya koro daga Isa da Sabon Birni, goye da yara, suna jiran ragowar da za a fito da ita. Katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ƙasar nan tamu ba matsiyaciya ba ce. Tun shekarun 1960 ake yin siminti a Kalambaina. Albasarmu har Legas da ƙasashen maƙwabta ake lodinta. Ga fadamar Rima, ga madatsar ruwa ta Goronyo, ga kasuwar Illela a bakin iyakar Nijar. Ga kuma jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna a duniya tun zamanin fatake masu ƙetara Sahara. Ki tsaya a kan akuyar nan kaɗan, domin ita kaɗai ta isa ta nuna miki yadda tazarar ke samuwa. Wa ke kiwonta? Mace ce a ƙauye, ita ke ba ta dusa da ruwan tsari, ita ke kwana da fargaba in ta yi ciwo. In an yanka, a sayi fatar a hannun mahauci da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Daga nan a kai ta masana'antun jima a Kano, a fitar da ita Italiya ko Sifen, a ɗinka jaka ko takalmin da kuɗinsa zai sayi garken awaki sukutum. Kowa a hanyar nan ya ci riba gwargwadon jarinsa da injinsa, wadda ta fi kowa wahala ita ce ta fi kowa ƙarancin rabo.

Sannan akwai wani abu da mu mata muka fi kowa sani, wato talaka ya fi mai kuɗi sayen kaya da tsada. Mai hali yana sayen buhunan gero da kaka, lokacin da yake araha, ya jibge a ɗaki. Talaka da awo yake rayuwa, mudu ɗaya yau, rabin mudu gobe, har cikin damina lokacin da farashi ya kai ƙololuwa. Abin haushi ma, sau da yawa shi ne ya noma geron, bashi ya sa ya sayar da kaka, ya dawo yana sayen abinsa ninki biyu. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa sau ɗaya ya huta, talaka kullum sai ya biya mai kurar ruwa. Mai hali yana zuwa asibiti tun ciwo na ƙarami, talaka sai ciwo ya kwantar da shi, sannan a sayar da akuyar nan a biya. Kin ga ashe ko ba wanda ya zalunci wani da gangan, in aka bar abin haka nan, na sama ƙara hawa zai yi, na ƙasa kuma ƙara nitsewa. Shi ya sa ake buƙatar hukuma ta sa hannu.

To, wane irin sa hannu? A nan ne nake so mu buɗe ido.

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Masana sun daɗe suna cewa tallafin ya fi amfanar masu motoci uku-huɗu a gida fiye da wanda ko keke ba shi da shi, kuma mu da ke kusa da iyaka mun san yadda man ke sulalewa zuwa ƙetare. Wannan gaskiya ne. Sai dai litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce Naira 1,000. Kuɗin mota ya tashi, ya ja na hatsi, ya ja na magani. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40 cikin 100. Kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, wannan ma ba a ɓoye yake ba. Wato an karɓa daga aljihun kowa da kowa an zuba a baitulmali. Tambayar da ta rage ita ce ta wace hanya zai komo.

An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a watan Yulin 2024. Madalla, amma mata nawa kika sani a unguwarku da mazansu ke ɗaukar albashi? Mai facin taya da mai turin kura da manomi ba ruwansu da wannan. Dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta yafe haraji ga wanda samunsa na shekara bai wuce Naira 800,000 ba, wanda ya fi samu kuma ya fi biya, haka ya kamata. An kuma yi alkawarin ba gidaje miliyan 15 Naira 25,000 a wata har tsawon wata uku. Aka fara a ƙarshen 2023, a Janairun 2024 aka dakatar da ministar da ke kula da ma'aikatar bisa zargin karkatar da kuɗi, shirin ya tsaya cik na wani lokaci. Da aka dawo da shi kuma sai da lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun banki, abubuwan da matar ƙauye, wadda aka ce don ita aka yi, ta fi kowa rashinsu.

Abin da ya cike gurbin shi ne rabon kayan abinci. Ki gafarce ni uwargida, amma wannan al'ada ta tara jama'a a ƙofar gida ko a fili ana jefa musu ƙullin shinkafa tana ci mini tuwo a ƙwarya. A watan Maris na 2024, cikin azumi, mata da yara sun mutu a Bauci wajen turereniyar karɓar sadakar kuɗi. A Disambar wannan shekarar, cikin mako ɗaya, yara 35 suka rasu a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, mutum 10 a Abuja, duk a wajen rabo. Ban ce masu rabon ba su da kyakkyawar niyya ba, Allah ya ba su ladan niyyarsu. Amma ki dubi wadda ke samu a irin wannan layi: mai ƙarfin ture wasu ce. Tsohuwa, da mai ciki, da mai takaba, da wadda kunya ta hana ta fita, su ne suka fi buƙata, su ne kuma ke komawa hannu rabbana. Wadda ta samu ma, kwana biyu ta cinye, ba ta san ranar da za a sake ba. Ba wanda ke iya tsara rayuwarsa a kan abin da bai san ranar zuwansa ba.

Na ga wani tsari dabam da idona, a nan jihar, shi ya sa nake da bakin magana. Daga 2014 zuwa 2016, hukumar UNICEF da kuɗin gwamnatin Birtaniya ta gudanar da wani shiri a wasu ƙananan hukumomin jihohin Sakkwato da Neja. Ana ba uwa ko mai riƙon yarinya Naira 5,000 duk bayan wata uku, a kan kowace 'ya mace mai shekara 6 zuwa 15, domin a sa ta makaranta. A hannun uwar ake damƙawa, ba a hannun mai unguwa ko wani wakili ba.

Ina da wata ƙanwar mahaifiyata a ƙauye da ta shiga cikin shirin da 'ya'yanta mata biyu. Kafin nan kullum suna kan hanya da tallan dafaffiyar gyaɗa. Na taɓa yi mata maganar makaranta, ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ke kina birni. Ribar tallan nan da ita nake sayen gishiri da kalwa, da ita nake tara musu kwano ɗaya-ɗaya na ɗaki. In na kai su boko, wa zai biya ni wannan?" Ba jahilci ne ya sa ta faɗi haka ba, lissafi ne, kuma lissafinta daidai yake. Da kuɗin nan suka fara zuwa, na sake kai mata ziyara. Ta ɗinka musu kayan makaranta, ta sayi takalma da littattafai, ragowar ta sayi 'yar akuya. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take magana: "In na wata mai zuwa ya zo zan yi kaza, na bayansa kuma kaza." Karon farko ke nan da na ji baiwar Allah nan tana tsara abin da za ta yi nan da wata shida. Binciken da aka yi bayan kammala shirin ya tabbatar da cewa yawan 'yan mata a makarantun da abin ya shafa ya ƙaru sosai. Aibinsa ɗaya, kuɗin baƙi ne, kuma na shekara biyu. Abin da ya kamata ya zama aikin baitulmalinmu na dindindin, sai ya zama gwaji.

Kada ki ɗauka wannan sabon abu ne a duniya. Ƙasar Barazil, wadda ta yi ƙaurin suna wajen tazara tsakanin masu kuɗi da talakawa, ta fara irin wannan shiri a 2003 mai suna Bolsa Família. Kowane wata ana sa wa iyali matalauta kuɗi a kati, bisa sharaɗin yara su je makaranta a kuma yi musu rigakafi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na katunan da sunan mata aka yi su, domin an lura abin da ya shiga hannun uwa cikin yara yake tafiya. Cikin shekara goma shirin ya kai ga iyalai wajen miliyan 14, kuma a lokacin abin da yake ci bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Mu ma nan an taɓa kamantawa. Gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko ta fara ba naƙasassu Naira 6,500 a wata tun 2007, lokacin da mafi ƙarancin albashi a doka yake Naira 5,500. Kuɗi ne na gaske a wancan lokaci. Sai dai an bar adadin shekara da shekaru bai motsa ba, farashi kuwa bai jira shi ba, har ya koma abin da ba ya kai mutum mako guda. Duk tallafin da ba ya bin farashi, a hankali yake narkewa kamar ƙanƙara a rana.

Mu Musulmi ma ai bai kamata a koya mana wannan daga Barazil ba. Zakka ba kyauta ba ce da mai kuɗi zai yi lokacin da ransa ya yi daɗi. Haƙƙi ce mai adadi sananne da lokaci sananne: ɗaya cikin arba'in na kuɗi ko zinarin da ya kai nisabi ya kuma shekara, ɗaya cikin goma na amfanin gonar damina, ɗaya cikin ashirin na abin da aka yi wa ban-ruwa da wahala, akuya ɗaya cikin arba'in. Waɗanda za a ba ma an lissafa su, kashi takwas, a Suratut Tauba. Kuma magabatanmu na garin nan ba su tsaya ga ciyarwa kawai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin aikin shugaba: manoma, maƙera, maɗinka, marina, mahauta, a tabbatar kowane gari yana da su, a gyara kasuwanni da hanyoyi. Wato shugaba ya shimfiɗa wa talaka hanyar da zai nemi na kansa.

Muna da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, wadda ta daɗe tana aiki a matsayin kwamiti kafin a kafa ta da doka a 2016, tana kuma da kwamitoci a gundumomin hakimai. Tana biya wa marasa hali kuɗin magani, tana kula da marayu da masu taɓin hankali, tana ba da jari da dabbobin kiwo, tana ƙarfafa dasa itatuwa a matsayin waƙafi. A ganina wannan ita ce hanya mafi kusa da mu, domin kwamitin gunduma ya san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, ko da matar gidan ba ta fito layi ba. Matsalar ita ce da yawa daga masu hannu da shuni har yanzu sun fi son su canza sababbin takardun Naira ɗari biyar-biyar, a tara jama'a a ƙofar gida, a ga ana rabo. Zakkar da za ta iya tsayar da mutum ashirin da ƙafafunsu, sai a yayyafa wa mutum dubu biyu, kowa ya sayi abincin dare ɗaya, baɗi su dawo su da 'ya'yansu. Ita ma hukumar, in tana son attajirai su sake jiki da ita, sai ta riƙa bayyana abin da ya shigo da inda ya tafi, dalla-dalla, kowace shekara, yadda kowa zai iya dubawa. Amana da lissafi take ƙaruwa.

Idan kakar zaɓe ta zagayo, za su zo mana da atamfa da sabulu da taliya kamar yadda suka saba, domin sun san mata ne ke cika layin jefa ƙuri'a. Karɓa ko ƙin karɓa, wannan ya rage naki. Amma ki tambayi wanda ya aiko, ko matarsa da ta zo gaisuwa Islamiyyarku: asibitin unguwarmu yaushe za a sami ungozoma da dare? Makarantar da yara ɗari ke zaune a ƙasa a aji ɗaya fa? In za a ba da tallafi, nawa ne, wace rana, a hannun wa, kuma ina aka liƙa sunayen? Ƙananan hukumomi 23 gare mu, kowace tana da kasonta duk wata, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ba rashin kunya ba ne mace ta tambayi inda kuɗin garinsu ya shiga.

Sai kuma namu na cikin gida, don kada mu yi ta nuna gwamnati da yatsa. Yarinyar da aka kawo miki daga ƙauye tana yi miki wanke-wanke da raino, nawa kike biyanta, yaushe rabon da ki ƙara, kuma tana zuwa makaranta lokacin da naki suka tafi? Mai yi miki wankau da mai kawo miki itace, kina taya su kamar yadda kike taya mai shagon leshi, ko kuwa a kansu ne kike nuna iya ciniki? Sannan gwal ɗin da ke cikin akwati. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda kike sawa don ado ba zakka a kansa, amma wanda kika saya kika ajiye don ya zama dukiyar gobe, in ya kai nisabi, wato wajen giram 85, ya kuma shekara, akwai haƙƙin wasu a ciki. Mata da yawa sun mayar da kuɗinsu gwal tun da darajar Naira ta faɗi, ba su kuwa taɓa zama sun auna ba.

Mu a ajinmu na Islamiyya, mu bakwai da zakka ta hau kanmu bana, mun yi shawarar ba za mu rarraba ta ɗari biyar-biyar ba. Za mu haɗa ta wuri ɗaya mu ba mata uku da muka san halin da suke ciki, biyu mazansu sun rasu, ɗaya kuma 'yar gudun hijira ce daga gabashin jihar. Ɗaya ta iya ɗinki ba ta da keke, ɗaya injin markaɗe take so, ta ukun ta ce a bar ta da awaki, su ta sani. Mun rubuta sunayensu da abin da kowace za ta samu a littafi, mun kuma sa mutum biyu su riƙa leƙa su duk wata. Abin da ya rage shi ne mu ji ta bakin malam ranar Asabar, ko ya halatta mu sayo musu kayan da kanmu, ko kuwa kuɗin za mu damƙa musu a hannu su saya.